Faɗin Taya Ko Faɗin Rai?

Muna sane da cewa wani daga cikin masu karanta wannan mujalla zai dubi kan maganar nan ya taɓe baki, ya ce me ya haɗa kifi da kaska? Ga kuɗin makaranta ya hau, ga littattafai sun gagari ɗan talaka, ga abinci sai a hankali, sa'an nan a ɗauki shafukan Ƙungiyar Ɗalibai a ba tayar mota, motar ma ta 'ya'yan masu hannu da shuni. To, ɗan'uwa, yi mana haƙuri ka saurara. Mota ta mutum ɗaya ce, amma titi na kowa ne, kuma ɗalibin da ko keke ba shi da shi, shi ne yake tsallaka hanyar bakin ƙofa safe da yamma, shi ne kuma zai gamu da motar da birkinta ya kama amma tayarta ta ƙi kama ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 suke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, watau mu da ƙannenmu. Bayan haka, dukan lissafin da za mu yi a nan yana aiki a kan tsohuwar Corolla kamar yadda yake aiki a kan motar miliyoyi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin samarin da Allah Ya hore wa motocin gudu, watau ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu, masu kwanciya ƙasa, waɗanda aka ƙera domin daɗin tuƙi da iya shan kwana. Galibinsu gwanjo ne daga Amurka ko Turai. Da zarar mota ta sauka, tun kafin a juye mai ko a duba birki, sai a zarce wurin mai taya a ce masa, "Malam, a sa mata manya." Shi kuwa ciniki ya fito yi, sai ya jawo mafi faɗin abin da ke rumfarsa, a danna ta a kan wilin da motar ta zo da shi daga kamfani, a yi ta fama da ruwan sabulu da ƙarfe har ta shiga. Mai mota ya koma baya ya ƙare mata kallo, ya ga ta cika ido, ya biya, ya taka totur. Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Girman tayar da kamfani ya rubuta a 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba shi ne asali, kuma duk wanda zai kauce masa sai ya kauce da lissafi, taki ɗaya tak, bayan ya tabbatar wilinsa zai ɗauka.

Bari mu fara da karatun lambar kanta, domin abin kunya ne ɗalibin jami'a ya iya warware lissafin jarrabawa amma ya kasa karanta 'yan haruffan da ke gefen tayarsa. Alal misali, ga wannan: 215/45 R17 87W. Lamba ta farko, 215, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 45, ita ce mai ruɗa jama'a, domin kashi ce cikin ɗari, tana nufin tsawon gefen taya, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, kashi 45 ne cikin 100 na faɗinta, watau kusan milimita 97. Harafin R yana nuna irin gininta, mai zaruruwan da suka miƙe daga wannan leɓe zuwa wancan, irin wanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, kuma kusan dukan tayoyin ƙananan motoci na yau haka suke. Sai 17, girman wili ke nan da inci. Ka ga awon Faransa, da kashi cikin ɗari, da awon Ingila, duk a layi ɗaya, don haka ba abin mamaki ba ne idan mai faci ya riƙe ta farko da ta ƙarshe ya watsar da ta tsakiya. Lamba 87 tana faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kilo 545, harafin W kuma iyakar gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 270 a awa.

Ba da ka muka zaɓi wannan lamba ba. Ita ce ke ƙafafun Toyota 86, motar da kamfanonin Toyota da Subaru na Japan suka haɗa hannu suka fitar a 2012, wadda aka sayar a Turai da sunan GT86, a Amurka kuma da sunan Scion FR-S, 'yar'uwarta kuwa ita ce Subaru BRZ. Injinta lita 2 ne, ƙarfin doki 200, tayoyin baya ne ke tura ta, nauyinta wajen kilo 1,250. Da ta fito, 'yan jaridar mota suka sunkuya suka duba ƙafafunta, sai suka ga Michelin Primacy HP, irin tayar da ake sa wa wasu samfuran Toyota Prius, motar tsimin mai ta zuwa ofis da cefane. Aka yi ta dariya, wai motar gudu da takalmin magidanci. Amma injiniyoyin, a ƙarƙashin jagorancin Tetsuya Tada, da gangan suka yi, kuma ba su ɓoye dalilinsu ba. So suke motar ta riƙa gaya wa direba gaskiya, idan ta kusa iyakar riƙonta a kwana ta soma zamewa sannu a hankali, a gudun da mutum zai iya gyarawa. Taya mai tsananin riƙo takan riƙe, ta riƙe, har gudu ya yi nisa, kana ta saki a lokacin da hannun ɗan koyo ba zai iya tsinana komai ba. Sifirin da shakazoba da sitiyari, har da kwamfutar da ke hana mota wulwulawa a kan titi, duk a kan wannan taya aka daidaita su, bayan gwajin da babu wani mai taya a duniya da zai iya yi a rumfarsa.

Wanda bai gamsu ba ya dubi abin da ya biyo baya. A 2021 aka fitar da magajiyarta, GR86, aka ƙara injin ya koma lita 2.4, ƙarfi ya kai wajen doki 230. Da a ce faɗi ne maganin ƙarfi, da a nan ne za a ƙara shi. Ko milimita ɗaya ba a ƙara ba. Babban samfurinta yana taka 215/40 R18 a kan wili mai faɗin inci 7.5, abin da aka sauya shi ne irin robar, aka koma Michelin Pilot Sport 4. Haka kuma Mazda MX-5, wadda ta fi kowace motar gudu mai kujera biyu kasuwa a tarihi, ta fito a 1989 da taya 185/60 R14, kuma samfurinta na 2015 mai injin lita 1.5 yana taka 195/50 R16. A cikin shekara 26, milimita 10 kaɗai injiniyoyin Hiroshima suka ga ya kamata su ƙara. Samarinmu kuwa sukan ƙara 30 a yini guda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, watau faɗin wili. Kowa ya san girman wilinsa, ko 17 ko 18, amma da wuya ka sami wanda ya san faɗinsa, ko da yake a rubuce yake a jikin wilin, galibi ta baya, kamar haka: 17x7J. Wilin Toyota 86 faɗinsa inci 7 ne, watau milimita 178 tsakanin bakunan da leɓunan taya suke zama. Akwai wata ƙungiya ta masu ƙera taya da wili a Turai da ake kira ETRTO, mai mazauni a Beljiyam, wadda ita da takwarorinta na Amurka da Japan suke buga littafin da ke iyakance wilin da kowace taya za ta hau. A wannan littafi, 215/45 R17 tana hawa wili daga inci 7 zuwa 8. Ta gaba da ita, 225/45 R17, tana hawa daga 7 zuwa 8.5, watau wilin kamfani zai ɗauke ta, ko da yake a ƙarshen iyakarta ke nan. Amma 245/40 R17, wadda ke ɗaukar ido, ba ta hawa abin da ya gaza inci 8. Wannan ta ƙarshe ita ce tarkon mai rabin sani, domin idan ya yi lissafin tsawonta zai ga milimita 628, ta kamfani kuma 625, sai ya ce ai daidai ne, ya manta cewa wilinsa ya gaza da inci guda cur.

Me ke faruwa idan aka tilasta ta? Leɓunanta biyu sai su matso kusa da juna fiye da yadda aka gina ta, gefunanta su kumburo kamar cikin tulu, fuskarta da ya kamata ta kwanta shimfiɗe a kan kwalta ta yi doro. Tsakiya ta ɗauke nauyi ta riga suɗewa, kafaɗu biyu su ɗage suna hutawa. A kwana kuwa, da an murɗa sitiyari wili zai juya nan take, amma taya sai ta fara lanƙwasa tukuna kafin ta bi shi, tamkar yaron da ya zura ƙafarsa a takalmin ubansa, ƙafa ta juya takalmi yana nan. Wannan jinkiri ɗan ƙanƙane ne a agogo, amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Mai motar ya sayi ƙarin milimita 30, ya biya kuɗinsu, yana jan nauyinsu, yana ƙona musu mai a wannan zamani da aka janye tallafin fetur tun ranar 29 ga Mayu, 2023, amma kaɗan daga cikinsu ne ke yi masa aiki. Akwai kuma kishiyar wannan, watau yayin miƙa siririyar taya a kan faffaɗan wili har bakin wilin ya fito waje tsirara. Ba za mu ɓata tawada a kanta ba, ramin farko zai yi wa mai ita bayani.

'Yan'uwanmu na Sashen Aikin Injiniya za su iya tabbatar da abin da za mu faɗa yanzu a bayan takardar darasi. Iska ce ke ɗauke da mota, saboda haka girman wurin da taya ke taɓa ƙasa ya dogara ne, a kimance, a kan nauyin da ke kanta da matsin iskar da ke cikinta. Raba kilo 1,250 gida huɗu, kowace taya ta sami kilo 312. Kamfani ya ce a sa iska 35 a geji, watau kusan kilo 2.5 a kan kowane murabba'in santimita. Raba wannan da wancan, za ka sami murabba'in santimita 125 ko kusa da haka, abin da bai wuce tafin hannun babban mutum ba. A kan tafin hannu huɗu motar take tafiya, take tsayawa, take shan kwana. Idan ka sa taya mai faɗi da iska ɗaya da nauyi ɗaya, wurin nan ba ya ƙaruwa sosai, siffarsa ce ke sauyawa, ya yi faɗi ya gajarce. Ba mu musun cewa wannan siffa tana da amfani. A kan busasshiyar kwalta mai tsabta, irin ta filin tsere, faffaɗar tayar da ke kan wilin da ya dace da ita ta fi riƙo a kwana, kuma ta fi jure zafi. Sai dai ina filin tseren? Titunanmu rairayi ne a gefe da rani, ruwa ne kwance a watan Agusta. A kan ruwa kuwa, tilas taya ta ture abin da ke gabanta kafin ta taɓa kwalta, kuma gwargwadon faɗinta gwargwadon ruwan da za ta ture, don haka faffaɗa kan riga siririya tashi sama. Da zarar ta hau ruwan, sitiyari ya zama abin wasan yara, birki kuma suna ne kawai.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa, kuma ba masu faɗin rai kaɗai ke faɗa masa ba, har da masu neman sauƙi. Taya 215/45 R17 ba kowace rumfa ke da ita ba, amma 215/55 R17 tana ko'ina, domin ita ce ke ƙafafun samfuran Toyota Camry da yawa da suka cika garuruwanmu. Mai taya zai ce maka, "Alhaji, 215 ce, 17 ce, duk ɗaya ne." Lalle za ta hau wilin ba gardama. To, mu yi lissafi. Kashi 55 na 215 milimita 118 ne, ninka biyu don sama da ƙasa, ka haɗa da inci 17 wanda yake milimita 432, tsawon tayar ya kama 668. Ta kamfani 625 ce. Bambancin milimita 43 ne, kusan kashi 7 cikin 100. Maleji ba ya ganin titi, juyin taya yake ƙirgawa, saboda haka idan da can yana faɗin gaskiya, yanzu zai nuna 120 alhali motar tana cin 128. Tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya kuwa ba a miƙe take ƙaruwa da gudu ba, gudu sau gudu take bi, watau ƙarin kashi 7 a gudu ya zama ƙarin kashi 14 a tazarar birki. Dokar Turai ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, shi ya sa kamfanoni kan bar shi ya ɗan yi ƙari don kare direba, amma wannan 'yar rarar ba za ta rufe kashi 7 ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Doguwar taya tana tsawaita kowace giya, mota ta yi nauyin tashi. Birkin ABS da kwamfutar daidaita mota suna aiki ne da ƙirgen juyin kowace ƙafa, kuma an koya musu ƙirgen tayar kamfani. Motar ta ɗaga sama da milimita 21. Sa'an nan wurin da aka bar wa taya a jikin motar gudu matsattse ne ainun, don haka da an ɗauki mutum biyu a baya aka faɗa gargada, ko aka murɗe sitiyari har ƙarshe, sai ta riƙa gogar jikin motar, ƙarfe yana yankan roba a inda ido ba ya gani. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kada tsawon sabuwar taya ya saɓa wa na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. Ita 225/45 R17 tsawonta 634 ne, bambancin bai kai kashi 1.5 ba, shi ya sa muka ce taki ɗaya yana da wuri ga wanda ya matsa sai ya ƙara.

Akwai hujja guda da muke girmamawa, kuma ba za mu tsallake ta ba. Mai hankali zai ce, ku da kuke kare lambar kamfani, injiniyan Japan ya san ramukan hanyoyinmu? Gefen taya mai milimita 97 zai jure bakin kwaltar da ruwa ya cinye? Wannan magana ce. Gajeren gefe ba shi da wurin lanƙwasa, idan ya daki rami sai roba ta matse tsakanin kwalta da wili, zaruruwan ciki su tsinke, taya ta yi ƙullutu, ko wilin kansa ya lanƙwashe. Amma amsar tana cikin littafin kamfanin. Ƙaramin samfurin wannan mota da aka sayar a Japan ya zo ne da wili 16 da taya 205/55 R16, tsawonta milimita 632, bambancin kashi 1 kacal, gefenta kuwa milimita 113. Ga ƙarin roba tsakaninka da rami, ga maleji bai yi ƙarya ba, ga shi kuma girma ne da ake samu a kowace kasuwa. Wanda yake son motarsa ta daɗe a hanyoyinmu, ƙasa ya kamata ya yi da wili, muddin ƙaramin wilin zai rufe birkinsa ba tare da ya taɓa ba, domin samfuran da ke da manyan birki ba sa karɓarsa. Abin takaici, yayin da ake yi kishiyar wannan ne, wili 19 ko 20 da taya kamar an shafa baƙin fenti a bakin faranti, a garin da ko babbar mota tana bin titi da lallami.

Masu wannan yayi sukan kafa hujja da manyan motocin Turai da suke gani a hoto. Sai su karanta tarihin abin da suke kwaikwayo. Lamborghini Countach ta Italiya, mai injin silinda 12 da ƙarfin doki 375, ta fito kasuwa a 1974 da tayar baya mai faɗin 215, daidai da ta Toyota 86. Da kamfanin ya so ya sa mata Pirelli P7 mai faɗin 345 a 1978, sai da ya ba ta sabon wili mai faɗin inci 12, ya sake tsarin ƙafafunta, ya buɗa jikinta ta gefe. Haka a tseren Formula 1, da aka tashi daga wili 13 zuwa 18 a 2022, a kan sababbin motocin da aka zana domin su aka yi. Su masu kuɗi da injiniyoyi da filin gwaji ba su taɓa sauya taya su bar sauran motar yadda take ba.

To, idan mutum yana da kuɗin da yake son kashewa domin motarsa ta ƙara riƙo, ina zai sa su? Ya sa su a sabuwar taya mai kyakkyawar roba, a girman kamfani, kamar yadda Toyota da kanta ta yi. A nan ne kuma ciwonmu na gida yake. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tun daga nan galibin abin da ke kasuwanninmu daga waje yake zuwa, kuma ko da yake Hukumar Kwastan ta daɗe da sanya tsofaffin tayoyin ƙananan motoci a jerin kayan da aka hana shigowa da su, kowa ya san tulinsu a bakin hanya. Wanda ya nace sai faffaɗa, alhali aljihunsa bai kai sabuwa ba, ƙarshenta gwanjo zai saya. A cikin gwanjon nan akwai tayoyin hunturun Turai, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda aka haɗa robarsu don ta yi laushi cikin sanyi, mu kuma mu ɗora su a kan kwaltar watan Afrilu da rana tsaka. Akwai waɗanda lambar nauyinsu ko harafin gudunsu ya gaza na kamfani, H mai kilomita 210 ko T mai 190 a wurin W, kuma wannan harafi yana da alaƙa da yadda taya ke jure zafi, ko da mai ita bai taɓa ƙure maleji ba.

Sai shekaru. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko ana tuƙa ta ko tana ajiye, kuma zanenta na iya zama garau alhali riƙonta ya tafi. Shawarar Michelin ita ce a riƙa kai taya ga masani kowace shekara da zarar ta cika biyar, a cire ta idan ta kai goma ko da ba ta suɗe ba, kuma a zafin ƙasarmu mai hankali ba zai jira goman ba. Da yawa daga cikinmu sun san Paul Walker na finafinan tseren mota, wanda ya rasu tare da abokinsa da ke tuƙi ranar 30 ga Nuwamba, 2013, a cikin Porsche Carrera GT a jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ce gudu ne ya wuce kima, sun kuma rubuta cewa wasu daga tayoyin motar sun kai shekara tara. Tayoyin nan faffaɗa ne ƙwarai.

Wani abu a gurguje: kada a haɗa girma biyu ko iri biyu a ƙafafun gaba, ko a ƙafafun baya. Wasu motocin, kamar Porsche 911 mai inji a baya, daga kamfani tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, kuma haka za a bar su. Motar da aka yi wa huɗu iri ɗaya kuwa, idan aka faɗaɗa mata baya kaɗai don ado, sai ta riƙa ƙin shiga kwana, hancinta yana miƙewa zuwa waje.

Ba mu ɗora wa mai faci ko mai taya laifin wannan duka ba. Bawan Allah ne da ya koyi sana'a da ido a wurin maigidansa, babu wanda ya taɓa nuna masa littafin iyakar wili, kuma abin da mai saye ya nuna da yatsa shi zai sa. Mu ne aka kashe wa dukiyar jama'a don mu iya karatu da lissafi, mu ne kuma muke tsayawa a gabansa mu ce a sa manya. Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su haɗa kai da ɗaliban Sashen Aikin Injiniya su keɓe Asabar guda kafin damina ta kankama, a filin ajiye motoci, a duba tayar duk wanda ya yarda, ɗalibi ko malami ko ɗan haya, a gwada lambarta da ta jikin ƙofa, a duba faɗin wili, da shekarar ƙira, da iska tun taya tana da sanyi. A gayyaci masu facin bakin ƙofa su tsaya tare da mu, a buga musu ɗan kati da Hausa mai ɗauke da girman tayoyin da suka fi yawa da wilin da kowace ke hawa, su rataya a rumfunansu. Kayan aikin bai wuce geji da tef ɗin awo da fensir ba. Muna kuma roƙon a fara da bas ɗin Ƙungiyar kanta, a gaban kowa, tayoyinta duka har da safaya.